Daga Ina Aka Tsaya Aka Auna? Tarihin Dokar Motsi

Adabka, kamar Anka da Gummi da Bukkuyum a ƙasar Zamfara, tana kimanin digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. A daidai nan, juyin da duniya take yi sau ɗaya kowace rana yana tafiya da gari da gonakinsa da rijiyoyinsa zuwa gabas da gudun mita 455 a sakan guda, wato sama da kilomita 1,600 a awa. Tsakuwar da aka saki a bakin rijiya mai zurfin mita 20 tana cin sakan biyu kafin ta taɓa ruwa, kuma kafin sakan biyun nan su cika rijiyar ta yi gaba da mita ɗari tara. Duk da haka tsakuwa ba ta bugun bangon yamma. Ruwa take faɗawa, ƙarƙashin hannun da ya sake ta. Wannan ce hujjar da ta riƙe manyan masana kusan shekara dubu biyu a kan cewa ƙasa a tsaye take, kuma hujja ce mai nauyi wadda bai kamata kowa ya raina ba. Ƙoƙarin warware ta ne ya haifi abin da ɗalibanmu na sakandare ke haddacewa da sunan dokar motsi ta farko: cewa abin da yake tsaye zai zauna tsaye, mai tafiya kuma zai ci gaba a miƙe da gudunsa, muddin wani ƙarfi bai taɓa shi ba. Abin da nake son nunawa shi ne rabin dokar ke nan kurum. Sauran rabin tambaya ce: a miƙe a idon wa, kuma da gudun da aka auna daga ina? Wanda aka koya wa dokar ba tare da wannan tambaya ba, an ba shi jimlar da za ta ci masa jarrabawa, amma an ɓoye masa abin da aka yi ƙarnuka ana nema.

Aristotal, wanda littattafan Larabci ke kira Arisɗo, ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma koyarwarsa ta dace da abin da ido ke gani kullum. Abu mai nauyi yana neman ƙasa don can ne mazauninsa, duk wani motsinsa ban da wannan kuwa sai da mai turawa, in ya daina turawa abin ya tsaya. Da aka ce masa to ga kibiya tana tafiya bayan ta bar baka, sai ya ce iskar da ke kewaye da ita ce ke ci gaba da ingiza ta. A wannan tsari babu wahalar tambayar daga ina aka auna, domin duniya tana da cibiya guda wadda ba ta motsi, kuma a kanta muke zaune. Batlaimus na Iskandariyya ya ƙarfafa wannan a ƙarni na biyu cikin littafin da Larabawa suka sa wa suna Majisɗi: da ƙasa tana juyawa gabas, in ji shi, da gizagizai da tsuntsaye kullum baya za a gan su suna yi zuwa yamma. Gani ya kori ji, kuma gani yana bayansu.

Raunin yana wajen kibiya. Yahaya Nahawi na Iskandariyya, wanda Turawa ke kira Philoponus, ya lura a ƙarni na shida cewa iska tsare kibiya take yi, don haka ba za ta zama mai tura ta ba. Ya ce maharbi ne ke zuba wa kibiya wani ƙarfi da ke tafiya da ita har ya ƙare da kansa. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037 kuma aka fi saninsa a wajenmu da likitanci, ya ɗauki wannan ya ƙara masa abu mai muhimmanci a Kitabus Shifa. A ganinsa karkatar da ake sa wa abin da aka jefa ba ta ƙarewa don kanta, abin da ke waje ne ke cinye ta, kamar iskar da yake ketawa. Ke nan da za a jefa dutse inda babu komai, ba zai taɓa tsayawa ba. Ya zo bakin ƙofar dokar, sai dai ya ɗauki tafiya marar iyaka a matsayin abin da ba zai yiwu ba, kuma bai yarda akwai wurin da babu komai a cikinsa ba. Ƙasa kuma a wajensa tana nan tsaye a tsakiya.

Masana taurari sun bi ta wata hanya dabam. Biruni, a littafinsa kan ƙasar Hindu wanda ya kammala wajen 1030, ya san cewa Aryabhata ya koyar tun 499 cewa ƙasa ce ke juyawa, kuma ya faɗi abin da har yau gaskiya ne: lissafin inda taurari za su bayyana ba ya canzawa, ko ka ce sama ke juyawa ko ka ce ƙasa ce. Nasiruddin Ɗusi, mai ɗakin duban taurari na Maraga, ya nuna a littafinsa Tazkira na 1261 cewa hujjar tsuntsaye da dutse ba ta yanke hukunci ba, domin iska da abin da ke cikinta suna iya bin ƙasa a juyinta. Shi kansa ya tsaya a kan cewa ƙasa ba ta motsi, amma da dalilin falsafa ya kafa hujja, ya saki dalilin ido. Ali Kushji, wanda ya yi aiki da Ulug Beg a Samarƙand ya rasu a Istanbul a 1474, ya ƙi ko wannan dalilin, ya ce ilimin taurari bai rataya a wuyan Aristotal ba, kuma a cikin sharhinsa na wani littafin aƙida ya faɗi haka. Akwai masu ɗaukar waɗannan sunaye su ce ashe Musulmi ne suka gano dokar, Turawa suka kwashe. Ina ganin wannan rage musu daraja ne. Abin da suka yi a sarari yake kuma babba ne: sun karya hujjar da ta fi kowace ƙarfi, sun raba abin da ido ya tabbatar da abin da aka gada. Abin da ba su yi ba shi ma a sarari yake. Babu ɗayansu da ya ce tsayuwa da tafiya a miƙe da gudu ɗaya hali guda ne wanda ba ya bukatar dalili, kuma wannan ita ce zuciyar maganar.

A Paris, Jean Buridan ya koyar da ra'ayi mai kama da na Ibn Sina a ƙarni na 14, Nicole Oresme kuma ya rubuta a 1377 cewa wanda ke cikin jirgin ruwa ba ya iya tantance ko nasa jirgin ke tafiya ko na kusa da shi, sannan shi ma ya koma ya ce ƙasa a tsaye take. Bayan Kofanikas ya buga littafinsa a 1543 ya sa rana a tsakiya, tambayar ta zama dole a amsa ta. Galiliyo ya amsa a 1632. Ya ce mutum ya shiga ɗakin cikin babban jirgin ruwa ya rufe, da ƙudaje, da kifi a kwano, da kwalba mai ɗigo cikin wata kwalbar a ƙasa, ya lura da komai jirgi na tsaye, sannan a sa jirgin ya tafi da kowane irin gudu, in dai ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, ba ya tangaɗi. Ba abin da zai canza. Ɗigo zai ci gaba da faɗawa bakin kwalba, ƙudaje ba za su taru a baya ba. Fasinjan motar haya a kan miƙaƙƙen titi tsakanin Daki Takwas da Gummi ya san wannan da hannunsa: ya cilla goro sama, a tafinsa zai dawo, ko da motar tana gudun kilomita 80 a awa, domin goron yana da gudun motar tun kafin ya bar hannu kuma ba abin da ya ƙwace masa shi. Pierre Gassendi ya gwada abin a zahiri a tekun Marseille a 1640, aka riƙa sako duwatsu daga ƙololuwar turken jirgi yana tsananin gudu, suna faɗuwa a gindin turken. Tsakuwar rijiya ta sami amsarta: ita ma gabas take yi da mita 455 a sakan, ita da hannu da bango da ruwa.

Galiliyo ya zaci wannan tafiya ta dindindin kewaye take bi, tana bin doron ƙasa. Descartes ne ya ce a 1644 miƙaƙƙen layi take bi, kuma duk lanƙwasa tana bukatar dalili. A 1687 Niyuton ya buga babban littafinsa, da kuɗin abokinsa Edmond Halley, ya jera dokoki uku. Ta farko ita ce nacin jiki a kan halin da yake ciki. Ta biyu ta ce ƙarfi sauya motsi yake yi, ko ya ƙara gudu, ko ya rage, ko ya karkatar, kuma sauyin daidai yake da girman ƙarfin da inda ya nufa. Ta uku ta ce in wani abu ya tura wani, shi ma an tura shi daidai gwargwado ta ɗaya ɓangaren. Da waɗannan da dokar jan nauyi ya haɗa faɗuwar dutse da tafiyar wata a lissafi guda.

A nan matsalar ta fito fili. Mu koma cikin motar nan lokacin da direba ya taka birki ba zato. Fasinjoji sukan zube gaba, buhun da ke saman kaya ya sulɓe, alhali ba wanda ya tura kowa. In daga cikin motar ake awo, dokar farko ta karye: abu yana zaune, ba ƙarfin da ya taɓa shi, ya tashi. In daga bakin titi ake awo, dokar ta cika cif: birki ya riƙe mota, bai riƙe jikin fasinja ba, jiki ya ci gaba da tafiyarsa. Doka ɗaya, abu ɗaya ya faru, mai kallo na farko ya ƙaryata ta, na biyu ya gaskata ta. Ke nan akwai mazaunin awo da dokar ke aiki a cikinsa, akwai wanda ba ta aiki, kuma ba za a ce bakin titi ne na ƙarshe ba tunda shi ma juyawa yake yi da duniya, duniya kuma tana zagaya rana da gudun kilomita 30 a sakan. Niyuton ya ga wannan sarai. Amsarsa ita ce akwai sarari na haƙiƙa wanda ba ya motsi, bai dogara da komai ba, kuma a kansa ake auna motsi na gaskiya. Ya kawo hujjar bokiti. A rataye bokitin ruwa da igiyar da aka murɗe sosai, a saki. Da fari bokiti na juyawa, ruwa bai fara ba, fuskar ruwa a shimfiɗe. Can sai ruwa ya kama juyi har ya daidaita da bokiti, a lokacin ne kuma yake hawa gefe ya bar rami a tsakiya. Wato sa'ad da ruwa ke motsi in an gwada shi da bokiti fuskarsa lafiya lau, sa'ad da ya daina sai ta lotsa. Don haka ba bokiti ne abin gwadawa ba, wani abu ne dabam.

Leibniz bai yarda ba. A wasiƙun da suka yi musaya da Samuel Clarke, mai kare Niyuton, daga 1715 har mutuwar Leibniz a 1716, ya ce sarari tsarin zaman abubuwa ne kusa da juna, kuma da za a tura duniya da duk abin da ke cikinta gefe guda ba wanda zai ga bambanci, bambancin da ba a iya gani kuwa babu shi. A hukuncina kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya. Niyuton ya yi daidai cewa juyi da sauyin gudu abubuwa ne da ake ganewa daga ciki, ba sai an leƙa waje ba. Amma ya wuce hujjarsa da ya ce akwai tsayuwa ta haƙiƙa, domin shi da kansa ya tabbatar a littafin nan cewa motsin abubuwa a junansu ɗaya ne ko wurin da suke yana tsaye ko yana tafiya a miƙe da gudu ɗaya. Ya kafa abin da lissafinsa ya nuna ba za a taɓa gano shi ba. A ƙarnin da aka yi wannan muhawara, Muhammadu al-Katsinawi yana ƙasashen gabas yana rubutu kan lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ilimin da malaman ƙasar Hausa suka riƙe na lokutan salla da alƙibla da masaukan wata daga ƙasa yake auna sama, kuma don wannan aiki bai yi kuskure ba, kamar yadda Biruni ya faɗa. Wanda ke son ya san inda tauraro zai fito yana da 'yancin tsayawa inda ya so. Sai an tambayi abin da ke sa shi tafiya haka ne zaɓin mazauni yake zama tilas.

Shaidar cewa doron ƙasa ba mazauni ne marar fizga ba ta taru a hankali. A 1672 Jean Richer ya kai agogon lilo daga Paris zuwa Cayenne, kusa da layin tsakiyar duniya, ya tarar yana latti da kusan minti biyu da rabi kowace rana. Wani ɓangare na dalilin shi ne juyin duniya yana ɗan rage nauyin abu, kuma ragin ya fi yawa kusa da layin. A ƙasar Zamfara ya kai kimanin kashi ɗaya cikin 300, wato buhun gero mai kilo 100 ya fi sauƙi da kusan sulusin kilo a kan yadda zai kasance da duniya ba ta juyawa. Sikeli mai faranti biyu ba zai nuna ba, don dutsen awon shi ma ya ragu daidai haka. Sai kuma maganar faɗuwa. A 1679 Niyuton ya rubuta wa Robert Hooke cewa magabata sun juya abin: dutsen da aka saki daga sama gabas zai ɗan wuce, domin saman hasumiya ya fi gindinta nisa da cibiyar duniya, don haka ya fi shi gudu, dutse kuma yana saukowa da gudun da ya taso da shi. A 1831 Ferdinand Reich ya gwada a ramin haƙar ma'adinai kusa da Freiberg a Jamus, mai zurfin mita 158. Ya saki ƙwallaye fiye da sau ɗari, matsakaicin inda suka faɗa ya karkata gabas da milimita 28, abin da lissafi ya ce ke nan kusan daidai. Da za a sami rami mai wannan zurfi a ƙasar Anka ko Bukkuyum, inda haƙar zinare ba baƙon abu ba ne, lissafin ya ba da milimita 43, don mun fi Jamus kusa da layin tsakiya. A rijiya mai mita 20 kuwa milimita biyu ne kacal, shi ya sa ido bai taɓa kama shi ba.

Abin da ido bai kama a rijiya ba, fata tana jin sa kowace shekara. Iskar hunturu da ke kawo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a Chadi, kudu ta nufa, daga inda iska ta yi nauyi zuwa inda ta yi sauƙi. Amma daga arewa maso gabas take iso mana. George Hadley ya bayyana dalilin a 1735: iskar da ta taso daga arewa ta fito daga inda doron ƙasa bai kai namu gudu ba, tana gangarowa ƙasa na wuce ta zuwa gabas, mu da ke kan ƙasa sai mu ga ta karkata yamma. Gaspard Coriolis ya tsara lissafin wannan karkata a 1835, yana nazarin injuna masu juyawa, William Ferrel kuma ya ɗora shi kan iska a 1856. A arewacin duniya duk abin da ke tafiya mai nisa dama yake karkata. Shi ya sa iskar damina mai ɗauke da laima, wadda ta taso daga tekun Atlantika ta kudu, da ta tsallako layin tsakiya sai ta juya ta shigo mana daga kudu maso yamma. Ba wani hannu da ke tura waɗannan iskoki gefe. Mazauninmu ne ke juyawa a ƙarƙashinsu, kamar yadda birki ne ya sa fasinja ya ga kamar an tura shi.

Léon Foucault ya kawo shaidar cikin ɗaki a 1851. A ginin Panthéon na Paris ya rataye ƙwallon ƙarfe mai kilo 28 da waya mai tsawon mita 67, ya sake shi yana lilo. Layin lilon ya riƙa juyawa a hankali, kimanin digiri 11 a awa, har ya zagayo cikin awa 32 ko kusa da haka. A Adabka irin wannan lilo digiri 3 kawai zai juya a awa, sai ya yi kusan kwana biyar kafin ya zagayo, a kan layin tsakiyar duniya kuwa ba zai juya ba sam.

Duk da wannan nasara, shekara kusan ɗari biyu bayan Niyuton ba a faɗi a fili daga ina ake auna miƙewar da dokar farko ke magana a kai ba. Carl Neumann ya fito da wannan giɓi a laccarsa ta Leipzig da aka buga a 1870, ya ce dole a ƙaddara akwai wani jiki da ba a sani ba wanda shi ne tsayayye. Ernst Mach ya ce a 1883 bokitin Niyuton juyawa yake in an gwada shi da taurari masu nisa, kuma ba wanda ya taɓa gwada shi a duniyar da babu taurari. Wanda ya warware ƙullin shi ne Ludwig Lange, matashi ɗan shekara 22, a 1885. Ya ce a daina neman wurin da yake tsaye. A ɗauki abubuwa uku da ba ƙarfin da ke taɓa su, a harba su daga wuri ɗaya zuwa fuskoki uku dabam-dabam. Duk mazaunin awon da ya ga ukun nan suna tafiya a miƙe, shi ne mazaunin da ake nema, kuma duk wani da ke tafiya a miƙe da gudu ɗaya in an gwada shi da wannan, shi ma ya cancanta. Ba su da iyaka, kuma ba wanda ya fi wani. Da haka dokar farko ta sami ma'anarta cikakkiya: akwai irin waɗannan mazaunai, kuma a cikinsu ne sauran dokokin ke aiki.

Mai kaifin hankali zai ce wannan zagaye ne kawai. Mun ce mazauni nagari shi ne inda abin da ba a taɓa ba yake tafiya a miƙe, in kuma aka tambaye mu yadda muka san ba a taɓa shi ba sai mu ce ai ga shi yana tafiya a miƙe. Ƙorafin yana da nauyi, amma yana da amsa biyu. Ta farko, abubuwa uku ne aka kafa mazauni da su. Ba abin da ya wajabta wa na huɗu da na dubu su ma su miƙe a cikinsa, amma suna miƙewa, wannan kuwa labari ne game da duniya wanda gwaji zai iya ƙaryatawa. Ta biyu, doka ta uku tana ba mu hanyar rarrabewa. Ƙarfi na gaske yana da mai shi, ana iya nuna shi, kuma shi ma yana jin turin. Abin da ya zubar da fasinja gaba ba shi da mai shi, kuma ya fizgi babba da yaro da buhu da sauyin gudu iri ɗaya. Da wannan rarrabewa Urbain Le Verrier ya ga karkatar da ba a bayyana ba a tafiyar duniyar Uranus, ya ce lallai akwai mai janta, ya lissafa inda yake, aka duba daga Berlin a watan Satumba na 1846 aka ga Neptune. Da dokar zagayen magana ce kawai, da ba ta nuna inda wata duniya take ba.

Wani kuma zai ce manomi da direba da magini ba su bukatar wannan, kuma gaskiya ne ga yawancin aikinsu doron ƙasa ya isa, tunda kuskuren milimita ne. Amma a dubi farantin tauraron ɗan adam da ke kan rufin gidaje da gidajen kallo. An ɗaure shi yana duban wuri guda a sama shekara da shekaru. Tauraron sadarwa na Najeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga Xichang a ƙasar Sin a watan Disamba na 2011, yana kimanin kilomita 35,800 sama da layin tsakiyar duniya. Ga mai kallo daga ƙasa yana rataye ne ba igiya, duniya na jansa amma ba ya faɗowa, abin da ya saɓa wa doka ta biyu kai tsaye. Daga mazaunin da ba ya juyawa kuwa ba wani abin mamaki: gudun kilomita 3 yake yi a sakan, jan duniya yana lanƙwasa tafiyarsa ta zama da'ira, kuma an zaɓi nisan ne don zagayensa ɗaya ya yi daidai da juyin duniya ɗaya. Ɗalibin da bai san bambancin mazaunan nan biyu ba zai haddace cewa akwai wani ƙarfi mai tura tauraron waje, ya yi ta neman mai turawa bai same shi ba.

Saura masu cewa Ainstain ya rushe duk wannan. A 1905 abin da ya yi shi ne ya ɗauki ƙa'idar jirgin Galiliyo ya faɗaɗa ta har ta haɗa da haske da lantarki, ya bar mazaunai marasa fizga a matsayinsu, ya canza yadda ake fassara awon lokaci da tsawo daga ɗaya zuwa wani. A 1907 ya lura da wani abu da ke cikin amsar da na bayar a sama: jan nauyi shi ma yana ba babba da ƙarami sauyin gudu iri ɗaya, tamkar fizgar birki. Daga nan ya kai ga nazarinsa na 1915, inda mazauni marar fizga ya zama na ɗan yanki kaɗan, wato ɗakin da ke faɗuwa ba abin da ya tare shi. Injiniyan gada da mai harba roka har yau da dokokin 1687 suke aiki. Masana taurari kuwa tun 1 ga Janairun 1998 sun kafa mazauninsu na awo a kan wasu abubuwa masu tsananin haske da nisa da ake kira kwasa, guda 212 a jerin farko, waɗanda nisansu ya sa ba a ganin gusawarsu. Abin da gwaji ke nunawa shi ne mazaunin da lilo da bokiti ke bi daga cikin ɗaki rufaffe ya yi daidai da wanda waɗannan abubuwa masu nisa suka shata, alhali dokokin Niyuton ba su ce dole su daidaita ba. Kumbon Gravity Probe B na Amurka, wanda aka harba a 2004 aka sanar da sakamakonsa a 2011, ya auna cewa juyin duniya yana jan mazaunin da ke kusa da ita da kimanin kashi ɗaya cikin dubu ɗari na digiri a shekara, kamar yadda lissafin Ainstain ya ce. Wannan ya ba Mach gaskiya a wani ɓangare, cewa abubuwa masu nauyi suna da hannu wajen shata mazaunin. Ko su kaɗai ne ke shata shi gaba ɗaya, masana ba su daidaita a kai ba har yanzu.